Wayoyin nano na ƙarfe: wace hanyar haɗawa ce ta dace da ɗakin gwaji a Legas?

Ɗalibin kimiyyar sinadarai ko na injiniyanci a Akoka, Ojo ko Yaba da aka ba aikin haɗa wayoyin nano yana da hanyoyi huɗu a gabansa, kuma duka an gwada su an ga suna aiki. Abin da ke raba su shi ne irin wayar da kowace ke bayarwa, da abin da take nema a wurin ɗakin gwaji: tsayayyen zafi, bushewar kayan haɗi, wutar da ba ta yankewa, da wurin zuƙe tururi mai guba. A Legas waɗannan buƙatu huɗun ne ke yanke hukunci, fiye da farashin ƙarfen kansa.

Wayar nano zare ne na ƙarfe wanda kaurinsa yake tsakanin nanomita 20 zuwa 200, tsawonsa kuma yakan kai maikiromita 10 ko fiye. Gashin kan mutum ya fi ta kauri wajen sau dubu. Wahalar haɗa ta daga ɗabi'ar ƙarfen take. Azurfa, jan ƙarfe, zinare da nikel, idan aka fitar da su daga gishirinsu a cikin ruwa aka ƙyale su, dunƙulewa suke yi su zama ƙwayoyi, domin jerin atom ɗinsu bai fifita wata fuska a kan wata ba. Dabara biyu ce ake miƙar da su da ita. Ko dai a sa wani sinadari ya manne a gefunan ƙwayar ya hana ta yin ƙiba, sai bakinta biyu su yi ta tsawo, ko kuma a tsare ƙarfen a cikin siririn rami ya bi siffarsa.

Azurfa a cikin etilin gilaikol

Wannan ita ce hanyar da ake kira foliyol. A Faransa aka fara amfani da ita wajen fitar da garin ƙarafa a shekarun 1980, sannan a 2002 ƙungiyar Younan Xia a Jami'ar Washington da ke Amurka ta nuna yadda za a samu wayoyin azurfa da ita. Haɗin da ya fi saukin maimaitawa shi ne mai gishirin jan ƙarfe, wanda ƙungiyar ta fitar a 2008.

A zuba etilin gilaikol mililita 5 a tsabtatacciyar kwalbar gilashi, a sa ta cikin baho na mai a digiri 150, ana juyawa a hankali, kamar juyi 260 a minti, har awa ɗaya. A ɗiga maikirolita 40 na CuCl2, wato gishirin jan ƙarfen, mai ƙarfin milimola 4, a jira minti 15. Sai a zuba mililita 1.5 na PVP, sinadarin da ke manne wa gefunan ƙwayar, mai ƙarfin mola 0.15, wato kusan miligiram 17 a kowace mililita, a bi shi da mililita 1.5 na AgNO3, wato gishirin azurfa, mai ƙarfin mola 0.1, shi ma miligiram 17 a mililita. Dukansu a cikin etilin gilaikol ake narkar da su. Daga nan awa ɗaya zuwa ɗaya da rabi ta isa.

Launin ruwan shi ne jagora. Zai fara da rawaya, ya koma ja-ja, ya yi kore-kore, daga baya ya zama toka-toka mai ƙyalli. Idan aka karkata kwalbar a gaban haske za a ga wasu zane-zane masu sheƙi suna yawo a ciki suna bin juyin ruwan. Dogayen wayoyi ne ke jeruwa suna mayar da haske. Ruwan da ya tsaya a rawaya mai duhu ko ruwan ƙasa, babu wannan sheƙin, ƙwayoyi ne suka yi yawa a cikinsa.

Kowane mataki da dalilinsa, kuma wanda ya san dalilin shi ke iya gyara idan abu ya lalace. Awa ɗayan farko tana korar ruwan da gilaikol ya sha, tana kuma ba iska damar mayar da wani sashe nasa gilaikolaldehaid, wanda shi ne ainihin mai sauko da azurfa daga gishirinta. Kulorin da ke cikin CuCl2 yana kama azurfa ya zama AgCl, sai ya riƙa sakin ta kaɗan-kaɗan, don kada iri, wato ƙananan ƙwayoyin farko da waya ke girma daga gare su, ya ɓarke da yawa lokaci guda. Jan ƙarfen kuma yana cinye iskar oksijin da ke cizon irin. Irin da ke zama waya mai kusurwa biyar ne, PVP yana manne wa dogayen gefunansa sosai, yana barin bakinsa a buɗe. PVP ya yi kaɗan, wayar ta yi kauri ta karkace. Ya yi yawa, ya rufe har bakin, sai a tashi da ƙwayoyi zalla. PVP mai nauyin molikul 55,000 shi aka saba farawa da shi, mai 360,000 ko 1,300,000 yana ba da wayoyin da suka fi tsawo amma wankinsu ya fi wuya.

Abin da ya fi ɓata wannan haɗin a Legas shi ne damshi. Etilin gilaikol da PVP duka masu zuƙar ruwan iska ne, a garin da laimar iska takan wuce kashi 80 cikin ɗari a yawancin shekara. Kwalbar da aka buɗe aka bari a kan tebur wata biyu ba ita ce ta ranar farko ba. A raba gilaikol a ƙananan kwalabe masu murfi mai kyau tun ranar da ya iso, PVP kuma a ajiye shi a tukunyar busarwa tare da silika. Garin PVP da ya dunƙule yana danƙo ya riga ya sha ruwa, awonsa ba zai yi daidai ba.

Na biyu shi ne ingancin gilaikol ɗin. A kasuwar sinadarai ta Ojota ana samun kaya iri-iri, amma yawancinsu na masana'antu ne, na masu sabulu da fenti da makamantansu. Don wanke gilashi babu laifi. Don wannan haɗin kuwa, ɗan ƙarfe ko kulorin da ke cikin gilaikol na masana'antu yana iya fin abin da aka auna aka ɗiga da gangan, domin CuCl2 ɗin da ake sawa bai kai ko miligiram ɗaya ba. A nemi mai darajar gwaji, wanda takardarsa ta faɗi adadin ƙarfe da kulorin da ke ciki. Ruwan sanyaya injin mota, duk da cewa gilaikol ne, ba ya shiga wannan maganar sam, saboda launi da magungunan hana tsatsa da aka zuba masa.

Saura ƙananan abubuwa ne masu girman illa. AgNO3 a narkar da shi dab da lokacin zubawa, ba tare da ɗumamawa ba, a rufe kwalbar da takardar alminiyam. Idan ya fara rawaya tun kafin a zuba, iri ya riga ya fito, a zubar a sake. Maganadisun juyi da aka yi amfani da shi jiya yana ɗauke da ragowar azurfa, a jiƙa shi a asid naitirik a ɗauraye. Zafin kuma na man za a auna da ma'aunin zafi, kada a dogara da lambar da ke jikin murhun. Bambancin digiri 10 yana sauya sakamako. Baho mai ɗaukar mai da yawa ya fi, domin idan wuta ta ɗauke na ɗan lokaci kafin janareto ya tashi, ba zai huce nan take ba. Jimillar lokacin da ake buƙatar wuta awa biyu da rabi ce kawai, kuma wannan babban dalili ne na son wannan hanyar.

Wanki: a bar ruwan ya huce, a zuba asiton ninki uku zuwa huɗu, a juya a injin santirifuj a juyi 2,000 na minti 20, a zubar da na sama, a sake watsa na ƙasa a etanol ko tataccen ruwa, sau uku. A wannan saurin wayoyi ne ke sauka, ƙananan ƙwayoyi su tsaya a sama. Wanda ya kai juyi 8,000 zai danƙare su su ƙi rabuwa, wanda kuma ya jefa su a bahon girgiza na sauti don ya raba su zai kakkarya su.

Jan ƙarfe: maganar araha da abin da ke bayanta

Hujjar masu son jan ƙarfe gaskiya ce. Wajen ɗaukar lantarki bai gaza azurfa da fiye da kashi 6 cikin ɗari ba, kuma ya fi ta araha sau ɗari ko fiye. Amma a yi lissafi. Haɗin azurfa na sama miligiram 25 na AgNO3 yake ci, kwalbar giram 25 za ta yi haɗi dubu. Arahar jan ƙarfe magana ce ta masana'antar da za ta shafa dubban mitoci na leda. Ga mai bincike da ke aiki da mililita goma, tsadar tana cikin tsabtataccen gilaikol, asiton, da kuɗin ɗaukar hoto a na'urar SEM, wato maikiroskof mai aiki da elektron.

Hanya ta farko ta jan ƙarfe ita ce ta soda da haidirazin, wadda aka bayyana a Singafo a 2005, ƙungiyar Benjamin Wiley a Jami'ar Duke ta faɗaɗa ta zuwa fiye da giram ɗaya a haɗi guda a 2010. A ƙaramin awo: mililita 20 na NaOH, wato sodar, mai ƙarfin mola 15, mililita 1 na Cu(NO3)2 mai mola 0.1, mililita 0.15 na etilindayamin, da maikirolita 25 na haidirazin mai kashi 35 cikin ɗari, a digiri 60 zuwa 80 na kimanin awa ɗaya. Ruwan yakan tashi daga shuɗi ya washe, sannan wayoyin su taru su taso sama a matsayin jan curi mai laushi, kumfar naitirojin ce ke ɗaga su. Kaurinsu wajen nanomita 90 zuwa 120. Hanya ce mai sauri, amma mola 15 na NaOH giram 600 ne a lita, narkar da shi kaɗai yana tafasa ruwa, ɗigo ɗaya a ido kuma ya isa ya makantar. Haidirazin guba ce da ke shiga ta fata da numfashi, ana kuma zargin tana jawo ciwon daji. Ɗakin da akwatin zuƙe hayaƙinsa ba ya aiki, ko yake tsayawa duk lokacin da wuta ta ɗauke, bai kamata ya buɗe kwalbar haidirazin ba. A wannan babu sassauci.

Hanya ta biyu ta fi lafiya nesa ba kusa ba: gulukos da HDA, wato hekzadesilamin. A mililita 10 na tataccen ruwa a sa miligiram 21 na CuCl2 mai ruwa biyu, miligiram 180 na HDA da miligiram 50 na gulukos. A rufe kwalbar a juya dare ɗaya a zafin ɗaki har ya zama shuɗi mai haske mai kauri, babu gudajin HDA a ciki. Sai a sa a digiri 100 na awa 6. Wayoyin da ke fitowa sirara ne ƙwarai, wajen nanomita 25, tsawonsu yakan kai gomman maikiromita har ɗaruruwa. Wanda ya gajarta juyin daren nan shi ke samun ƙwayoyi da gutsattsari, domin HDA bai gama kama jan ƙarfen ba. Murfin da ke yoyo kuma yana shigar da iska, sai a samu Cu2O mai launin rawaya-ja maimakon ƙarfe. HDA daskararre ne a zafin ɗaki, yana narkewa wajen digiri 45, don haka da ruwan ɗumi ake fara wanki, a bi da hekzen da etanol.

Duka biyun ciwonsu ɗaya ne: tsatsa. Siririyar wayar jan ƙarfe da ke shimfiɗe a iska mai damshi da gishirin teku tana yin ɓawon oksaid, kuma daidai inda waya ta haɗu da waya ne ɓawon ke toshe lantarki. Tsoma gilashin da aka shafa a asid asetik na ɗan gajeren lokaci yana cire ɓawon da ragowar HDA, amma idan ba a rufe shi da wani abu nan take ba, ɓawon zai dawo. Wasu suna lulluɓe wayar da nikel, wasu suna gasa ta a iskar haidirojin, kowanne ƙarin aiki ne da ƙarin na'ura. A hoton XRD, gwajin da ke gano jerin atom da hasken X-ray, tsinin jan ƙarfe yana fitowa a digiri 43.3, 50.4 da 74.1. Idan aka ga tsini a 36.4, Cu2O ya shiga.

Ba a ce azurfa ba ta lalacewa ba. Sulfur ne maƙiyinta, kuma iskar da ke kusa da kwata ko ruwan da ya ruɓe tana ɗauke da H2S. Bambancin shi ne tana ba da lokaci: a cikin etanol, a rufe, a duhu, takan jima da kyanta.

Zubi a faifan ramuka

Nan dabarar ta mai buga bulo ce: mazubi ne ke ba da siffa. Ana samun faifai mai miliyoyin siraran ramuka a tsaye, a shafa zinare ko azurfa a bayansa da na'urar fesa ƙarfe don ya zama mahaɗar lantarki, a tsoma shi a ruwan gishirin ƙarfe, a tura wuta, ƙarfen ya riƙa cika ramukan daga ƙasa zuwa sama. Charles Martin ya yi fice a wannan fanni tun farkon shekarun 1990. A 1995 kuma Masuda da Fukuda a Japan suka nuna yadda za a samu ramukan alumina, wato oksaid na alminiyam, masu jere daidai ta hanyar ƙona alminiyam da lantarki sau biyu, a asid oksalik mai mola 0.3 a bolt 40, wanda ke ba da tazarar wajen nanomita 100 tsakanin rami da rami.

Yin faifan da kai aiki ne na kwanaki. Yana neman alminiyam mai tsarki sosai, awanni masu yawa na wuta ba yankewa, da ruwan asid mai sanyi, domin a zafin Legas asid ɗin yana cin bangon ramukan da sauri, wutar ta hauhawa, faifan ya ƙone. Goge alminiyam ɗin da asid fakulorik da etanol ake yi, haɗin da ke iya fashewa idan ya ɗumama, cire ɓawon farko kuma da asid na kuromiyam, mai jawo ciwon daji. Sai dai idan faifan ne ainihin abin binciken, sayen shiryayye ya fi: Whatman Anodisc, mai kaurin maikiromita 60, ko ledar folikabonet mai ramuka.

Don nikel, ruwan Watts ake amfani da shi: giram 300 na nikel salfet, 45 na nikel kulorid da 40 na asid borik a lita, pH wajen 4, a kimanin bolt ɗaya na ƙasa da sifili idan aka auna da sandar Ag/AgCl. Tsawon wayar lissafi ne: kulom ɗaya a kowace murabba'in santimita na buɗaɗɗen rami yana ƙara kusan maikiromita 0.34, don haka maikiromita 10 tana cin kulom 29. A sa ido a kan layin da na'urar ke zanawa na yawan wutar da ke gudana. Yana tafiya kusan a kwance muddin ƙarfen na cikin rami, idan ya fara hawa da sauri, wasu wayoyin sun leƙo waje sun fara yin hula a saman faifan, a kashe nan take. Ramin da iska ta maƙale a ciki ba ya cika, shi ya sa ake jiƙa faifan a ruwan kafin a kunna. Bolt ya yi yawa, kumfar haidirojin ta toshe ramuka, tsawo ya bambanta. A ƙarshe NaOH mai mola 1 zuwa 3 yana narkar da alumina, daikulorometen kuma yana narkar da folikabonet.

Abin da wannan hanyar ke bayarwa babu wata da ke ba da shi: wayoyi a tsaye a jere, kauri ɗaya, na nikel ko kobalt masu maganadisu, har ma waya ɗaya mai gaɓoɓin ƙarafa daban-daban idan ana sauya ruwan. Abin da ba ta bayarwa shi ne yawa. Murabba'in santimita ɗaya da ramuka suka ci kashi 30 cikin ɗari nasa, a cika shi maikiromita 30, miligiram 8 na nikel ne kacal, kuma faifan ya tafi.

Sandunan zinare

Waɗannan gajeru ne, tsawonsu ninki biyu zuwa biyar na kaurinsu, don aikin haske da gano cuta ake yin su. Haɗin Nikoobakht da El-Sayed na 2003 shi ya yaɗu: a fara yin iri da HAuCl4, wato sinadarin zinare, CTAB, sinadari irin na sabulu da ke tsare gefunan sandar, da NaBH4 mai sauko da zinaren, yana da sanyin ƙanƙara, sai a ɗiga maikirolita 12 na irin a mililita 10 na ruwan girma mai CTAB, HAuCl4, ɗan AgNO3 da asid askobik, a digiri 27 zuwa 30. Zafin ɗaki a Legas ya yi masa daidai. Na'urar sanyaya ɗaki ce ke ɓata shi, domin ƙasa da digiri 25 CTAB yana daskarewa ya fita daga ruwan. Ɗan aidin da ke cikin CTAB na wasu masu sayarwa kuma yana hana sanda fitowa gaba ɗaya. A UV-Vis, na'urar auna hasken da ruwa ke sha, tsini biyu ake nema, ɗaya a nanomita 520, ɗaya tsakanin 650 da 850.

To, wace za a ɗauka?

Mai son shafi mai ɗaukar lantarki wanda haske ke ratsawa, don allon taɓawa, na'urar hasken rana, ko abin auna lanƙwasa, ya ɗauki azurfa da foliyol. Da dogayen wayoyi ana samun ƙasa da om 20 a murabba'i alhali fiye da kashi 80 na haske yana wucewa. Bayan shafawa a gilashi, gashi a digiri 150 zuwa 200 na minti 20 yana haɗa mahaɗun. Zafin da ya wuce kima yana tsinka siraran wayoyi su koma ɗigo-ɗigo. Wanda bincikensa a kan jan ƙarfe ne, ko a kan hana shi tsatsa, ya bi gulukos da HDA, ya tsara yadda zai auna a ranar da ya wanke. Mai neman maganadisu ko jeri a tsaye, faifan ramuka ne nasa, amma ya fara tabbatar da akwai na'urar fesa zinare da na'urar daidaita bolt da zai samu kafin ya sayi faifai ko ɗaya. HDA, CTAB da PVP mai nauyi yawanci daga waje ake kawo su, shigo da sinadarai kuma yana neman izinin NAFDAC, don haka a ba dillali mai rajista oda tun ana rubuta shawarar bincike.

Akwai kuma ruwan ganye, dogon yaro ko zogale, da ɗalibai da yawa ke zuba wa AgNO3. Yana sauko da azurfa, launi ya sauya, tsini ya fito wajen 420. Amma ƙwayoyi ne yake bayarwa a mafi yawan lokuta, domin babu abin da ke tsare gefuna a tsare. Aiki ne mai amfani a wurinsa, sai dai kada a rubuta masa sunan waya.

Kafin a biya kuɗin SEM, a tace samfuran da abin da ke hannu. Wayoyin azurfa a UV-Vis suna ba da babban tsini wajen 380 da ƙaramar kafaɗa a 350. Tsinin da ya karkata zuwa 410 ko sama yana nufin ƙwayoyi sun yi yawa. Sannan a tsinka ruwan da etanol sosai, a ɗiga a gilashi, a bari ya bushe, a duba a maikiroskof na haske da tabarau mai ninki 40. Kauri ba zai aunu a nan ba, amma tsawo da yawan ƙwayoyi za su bayyana sarai. Samfurin da ya ci waɗannan gwaje-gwaje biyun shi za a ɗiga a gutsuren silikon a kai SEM, a auna kaurin wayoyi aƙalla 100 daga wurare daban-daban na samfurin.